Tarko na Arba'in: Bankwana da Verna Iturri

Ranar Talata, 24 ga watan Yuni, da ƙarfe biyu da 'yan mintoci na rana, Allah Ya karɓi ran Malama Verna Iturri a wani asibiti a Las Vegas, tana da shekara saba'in da takwas. Ba na wurin. Na fara da wannan ne domin shi ya fi damuna, kuma kowa a kwarin Kyle ya riga ya sani. Lokacin da take cikawa ina can saman dutse a durƙushe, ina leƙa ƙarƙashin duwatsu, ina neman wani ɗan akwatin gwangwani da bai kai tsawon takalmina ba.

'Yarta Maite ce ta ce in rubuta wani abu da za a liƙa a ɗakin karatun unguwa. Na ce mata ni direban motar kwashe ƙanƙara ne, shekara talatin da ɗaya na yi ina ture dusar ƙanƙara daga kan titi, ban iya zance mai daɗi ba. Ta ce, "Kawu Hollis, ai Mama ma ba mai daɗin baki ba ce. Rubuta yadda ya zo maka." To ga shi yadda ya zo. Na gaji, Verna, don haka ki yi haƙuri idan na yi ta kewaye-kewaye kafin in iso inda za ni.

Ga wanda bai san ki ba, ke tsohuwar malamar kimiyya ce a makarantar sakandare, wadda ta ajiye alli ta dawo kan dutse da zama. Mu a nan matar kuregu muke ce miki, da farko a bayan idonki, daga baya a gabanki, kuma ba ki taɓa nuna kin ji haushi ba. Kuregen da ake nufi shi ne ɗan ƙaramin nan namu mai zane-zane a gadon baya, wanda a littafi ake kira kuregen Palmer. Nauyinsa bai wuce na ƙwan kaza ba. Na yi shekara ashirin yana gilmawa a gaban motata ban san babu irinsa a ko'ina a duniya sai a duwatsun nan namu ba. Ke kika gaya mini. Kika ce hamada ta kewaye mu ta kowane gefe, shi kuwa ɗan sanyi ne, ba zai iya sauka ya ƙetare zafin nan ya nemi wani dutsen ba. Ranar da ya ƙare a nan, ya ƙare ke nan. Shi ya sa sunansa yake cikin jerin dabbobin da ake tsoron ɓacewarsu.

Da faɗa muka san juna. A shekarar 2002 ne, na je bakin idon ruwan da ke bayan unguwa da injin yankan itace, zan sassare wani gungume da ya daɗe a kwance. Na tayar da inji ke nan sai na ga wata mata mai hular kaba ta zo ta zauna a kan gungumen, daidai inda zan yanka. Na kashe inji.

Kika ce, "Gidan wani ne wannan."

Na ce, "Gidan wa? Shekara uku yana kwance a nan."

"To shekara uku ke nan da masu gida suka tare. Kai idan aka zo da zarto aka fara yanka ɗakin kwananka, me za ka ce?"

"Baiwar Allah, itacen wuta ne fa."

"In don bushewa ce, kai ma itacen wuta ne. Dubi ƙafafunka."

Na koma gida da mota wayam. Da na ba matata Opal labari sai da ta yi dariya har ta riƙe bakin tebur, ta ce duk matar da ta iya kashe mini inji da baki kawai tana so ta gan ta. Washegari kika ci abincin rana a gidanmu, kuma kafin ki tashi kin riga kin ɗauke ni aikin da ba a biya.

Aikin kuwa ƙidaya ce. Wasu masu bincike daga jami'a sun yi shekara uku suna ƙirga kuregun, da lokacinsu ya cika suka tafi, ke kika karɓi tarkunansu, kika nemi takardar izini da sunanki, kika ci gaba. Sau biyu a shekara, a Yuni da Agusta, kwana huɗu a jere. Tarkuna arba'in, kowanne da lambarsa da farin fenti. Daga ɗaya zuwa ashirin nawa ne, a layin ƙasa da ke bin ruwa, saboda gwiwoyina. Daga ashirin da ɗaya zuwa arba'in naki ne, a layin sama cikin duwatsu. Kowa da buhunsa, kowa yana ajiye nasa a gidansa. Tarkon ba ya ji wa dabba ciwo, akwati ne mai ƙofa, idan ya shiga ya taka sai ƙofar ta rufe. Gari na wayewa mu buɗe, mu sa barzajjen hatsi da niƙaƙƙiyar gyaɗa, mu cusa 'yar auduga don sanyin safiya, mu ɗora ɓawon itace a kai don inuwa. Ƙarfe tara mu dawo. Wanda ya shiga a juye shi cikin jakar yadi, a rataya a sikeli, a duba cikinsa, a maƙala masa ɗan ƙarfe mai lamba a kunne, a sake shi. Opal takan ce ke ce kaɗai mace a Nevada da ke raba 'yan kunne alhali ko ɗaya ba ki taɓa sawa ba.

Doka ɗaya kika kafa, kuma kin maimaita ta har na haddace yadda kike ɗaga yatsa. Kada tarko ya wuce ƙarfe goma da rabi a buɗe. Iskar dutse na da sanyi, amma ranarsa ba ta da wasa, idan ta faɗa kan gwangwani sai ya zama tanda, kuma dabbar da ba ta wuce ƙwai ba ba ta jure awa biyu a ciki. A watan Yuni abin ya fi muni. Kika koya mini lissafin: suna barbara da zarar ƙanƙara ta fara narkewa, ciki wata ɗaya da 'yan kwanaki, uwa ta haifi uku zuwa shida a rami, tsirara, idanu a rufe. A Yuni tana kan shayarwa. Idan aka kama mace aka ga nonuwanta sun fito, ba a tsayawa dogon awo, a karanta lamba a sake ta nan take. Kika ce duk wanda ya kashe uwa ɗaya a Yuni, biyar ya kashe.

Abubuwa da yawa na koya a bakinki ba tare da na nema ba. Yadda kurege yake cusa 'ya'yan itatuwa a kumatu har fuskarsa ta ninka, ya kai rami ya juye, ya dawo. Yadda ba ya tara kitse don hunturu, rumbu yake tarawa, ya yi barci kwana da kwanaki, jikinsa ya yi sanyi kamar ya mutu, sai ya farka ya ci kaɗan ya koma. Tun da kika gaya mini wannan, duk safiyar da na fito da motar ƙanƙara nakan tuna akwai masu barci a ƙarƙashin farin nan a gefen titi, har nakan rage gudu, ko da yake na san ba ruwansu da ni.

Ba ki da haƙuri da mutane, wannan gaskiya ce, kuma ba zan ɓoye ta don kin mutu ba. Mutanen birni da ke hawowa gudun zafi a ƙarshen mako sun sha ji daga gare ki, masu miƙa wa kurege soyayyen dankali don su ɗauki hoto, da masu kwashe gumagumai su hura wuta. Amma faɗanki da maƙwabciyarmu Lurleen Pruitt ya fi kowanne daɗewa. Lurleen na da kyanwoyi bakwai, duk sakakku, kuma kyanwa ɗaya na iya share kuregun gefen unguwa a bazara guda. Wata safiya kika ɗauko gawar wani kurege mai lamba a kunne daga bakin ƙofarta, kika ƙwanƙwasa.

Lurleen ta ce, "Ni zan hana kyanwa kama ɓera? Haka Allah Ya yi ta."

Kika ce, "Ba ɓera ba ne. Kuma Allah bai yi ta a kan dutsen nan ba, a bayan motarki ta hawo."

"To ki kai ni kotu."

"Kotu ta yi nisa. Ina za ki Asabar?"

Asabar ɗin kika zo da katako da ragar waya, kika sa ni riƙe tsani, muka kewaye barandar Lurleen gaba ɗaya, har da 'yan benaye da kyanwoyin za su hau su sha rana. Mako uku muka yi. Lurleen na zaune tana cewa mun ɓata mata gida, tana kuma kawo mana lemo. Bayan shekara biyu, lokacin da aka yi mata aikin ƙugu, ke kika riƙa zuwa safe da yamma kina ciyar da kyanwoyin nan bakwai, kina zaginsu ɗaya bayan ɗaya da sunayensu.

Yanzu na iso inda nake ta gudu. A watan Yuni na 2006 Opal tana wata na biyu a asibiti. Kika ce in bar ƙidaya a shekarar, na ƙi, don safiyoyin nan huɗu ne kaɗai nake samun numfashi. A rana ta ƙarshe, ina tsakiyar layina, Lurleen ta zo bakin hanya tana danna hon, ta ce asibiti sun kira, in zo yanzu. Na bi sauran tarkunan da gudu ina rufewa, na ɗaga murya na ce miki daga ƙasa, "Na rufe ashirin duka." Kika ɗago hannu daga saman dutse kika ce in tafi. Na iske Opal da sauran numfashi. Awa uku na yi riƙe da hannunta, ta gane ni, ta yi mini magana, sannan ta tafi. Awa ukun nan su ne dukiyar da na fi ji da ita a duniya.

Kwana biyun da suka biyo baya a gidana kika wuni, kina dafa wa masu zuwa gaisuwa abinci. Ranar jana'iza kuwa kika zo a makare, da ƙasa a gwiwoyin wandonki. Lurleen ta yi ta mita a kan haka har shekara ta zagayo. Ni ma na gani, kuma na riƙe a zuciya.

Daga Agustan shekarar kika ɗauko wata sabuwar ɗabi'a. Idan kin gama layinki kin sauko, maimakon ki zo mota mu sha kofi, sai ki bi layina daga ɗaya har ashirin, kina sunkuyawa kina taɓa kowace ƙofa. Na daure kwana biyu, a na uku na kasa.

Na ce, "Malama, me kike nema a layina?"

Kika ce, "Ƙafa nake miƙewa."

"Kin hau dutse kin sauko, ƙafar ba ta miƙe ba?"

"Ƙafata ce ko taka?"

"Idan gani kike na tsufa, ki faɗa mini a fuska."

"Ka tsufa mana. Tun ranar da na fara ganin ka tsoho ne kai. Je ka zuba mana kofi."

Na ji zafin abin ƙwarai. Na ɗauka kin ga mutuwar Opal ta taɓa mini hankali, kin daina yarda da ni. Mako biyu ban yi miki magana ba, har sai da na buɗe ƙofa wata yamma na tarar da tukunyar wake da naman rago irin girkin gidanku a kan dakali, ba takarda, ba komai. Na ci, na wanke tukunya, na mayar, muka ci gaba. Amma ba ki daina bin layina ba, ni kuma na mayar da abin wasa don in rage haushi. Duk ranar da kika dawo mota sai in ce, "Kin samu a buɗe?" Ki ce, "Ban samu ba." In ce, "Shekara nawa ke nan ban taɓa mantawa ba?" Ki ce, "Ci gaba da ƙirgawa." Shekara goma sha tara ina yi miki wannan alfahari, kina shan kofinki kina kallon dutse.

Shekarun baya-bayan nan sun gajiyar da mu duka biyu. Gobarar 2013 ta ci gefen dutsen, muka yi kwanaki a birni muna kallon hayaƙi daga tagar ɗakin Maite. Ambaliyar 2023 ta kwashe hanya, ta binne rabin layina da tsakuwa. Idon ruwan da muka fara haɗuwa a bakinsa yanzu sai an tona da hannu a Agusta kafin a ga danshi. Motocin birni kuwa kullum ƙaruwa suke. A layinmu akwai shekarar da muke kama talatin a kwana huɗu, akwai wadda muka kama tara. Idan na ce sun ƙare sai ki ce layi biyu ba dutse ba ne, kada in yanke hukuncin da littafi bai yanke ba. Idan aka samu shekara mai kyau na fara murna, sai ki ce shekara ɗaya ba labari ba ce. Ban taɓa ganin mutumin da ya ƙi yi wa kansa ƙarya irinki ba, ko ta daɗi ko ta baƙin ciki. Na tambaye ki bara wa zai karanta littattafan nan ashirin da uku da kika cika. Kika ce ba ki sani ba, amma ranar da wani ya tashi nema gara ya tarar da su a rubuce.

Ranar Talatar nan ita ce rana ta biyu ta ƙidayar bana. Mun buɗe tarkuna da sassafe, kika sauko, kika zauna a bayan mota na miƙa miki kofi. Ba ki karɓa ba. Kika ce hannunki na hagu ya yi nauyi, sai kika zame a hankali kika jingina da taya. Na sauka da gudu zuwa inda waya ke kamawa na kira motar asibiti. Kafin su iso bakwai da rabi ta wuce. Suna ɗora ki a gado kika kama hannun rigata.

Kika ce, "Kada ka biyo ni. Tarkuna a buɗe suke."

Na ce, "Zan rufe su, duka arba'in, sannan in taho."

Kika janye abin shaƙar iskar da suka sa miki, kika buɗe baki za ki yi magana. Ma'aikacin ya mayar da shi, ya ce kada ki wahalar da kanki. Kika ɗaga yatsa, ni kuma na ɗauka dokar nan ce za ki maimaita, na ce, "Na sani, Malama, goma da rabi, na sani." Suka rufe ƙofa.

Na gama layina kafin takwas da rabi, na saki uku ba tare da awo ba. Sannan na hau naki, wanda rabona da shi tun gwiwoyina suna da sauran ƙarfi. Kin ɗaura jan ƙyalle a kusa da kowane tarko, don haka ban sha wuyar gano su ba, hawan ne ya ci ni. A na talatin da huɗu na tarar da mace mai shayarwa, na buɗe mata ta fita a guje. Ƙarfe goma saura na rufe na talatin da tara. Na duba gaba, babu jan ƙyalle. Na koma baya na sake ƙirgawa, goma sha tara. Na sake, goma sha tara.

Ina so Maite ta fahimci abin da ke kaina a lokacin, ko da ba zai rage mata komai ba. Rana tana hawa. A wani wuri cikin duwatsun nan akwai akwati a buɗe da gyaɗa a ciki, kuma a watan Yuni muke. Na yi miki alkawarin arba'in. Na san idan na iso bakin gadonki tambayar farko da za ki yi mini ke nan, kuma ban taɓa iya yi miki ƙarya ba. Na ce minti goma kawai zan ƙara. Na bi kowane gungume, na leƙa kowane tsagin dutse, na rarrafa cikin ƙaya har hannuwana suka yi jini. Goma da rabi ta wuce, sha biyu ta wuce. Daga nan ba ceto nake nema ba, na san in akwai wani a ciki ya riga ya mutu, amma na kasa tsayawa. Sai wajen ƙarfe huɗu na sauko inda waya ke kamawa, na ga kiran Maite goma sha ɗaya. Ta ce kin tambaye ni sau biyu.

Na koma dutsen ranar Laraba, na koma Alhamis. Ban samu komai ba. Ranar Juma'a Maite ta ba ni makullin ɗan ɗakin ajiyarki na bayan gida, ta ce in kwashe kayan aikin, ita ba ta san kansu ba. A kan katakon sama, bayan gwangwanayen fenti, na ga tarko ɗaya an naɗe ƙofarsa da wayar ƙarfe, ta yi tsatsa. Lambar da ke jikinsa goma sha bakwai ce. Na tsaya ina kallon sa, domin goma sha bakwai nawa ne, kuma yana cikin buhuna a mota, da hannuna na rufe shi ranar Talata. Na fita na ɗauko shi, na kankare fentin da wuƙa. A ƙarƙashin goma sha bakwai ɗin akwai arba'in.

Littafin 2006 na nan a jere da sauran. Na buɗe watan Yuni, na samu shafin, da rubutunki mai tsaye kamar na allo:

"16 ga Yuni. Na je kwashe tarkuna. Na 17 ba a rufe shi ba ranar Talata. Mace mai lamba 212, mai shayarwa, ta mutu a ciki. Na nemi ramin awa biyu, na samu a ƙarƙashin gungumen bakin ruwa. Huɗu, duk sun mutu. Laifina ne, na ji an ce an rufe ban je na taɓa ba. Ba za a gaya wa Hollis ba. Yau ake binne Opal, na makara."

A bayan shafin kin maƙala kwafin rahoton da kika aika wa masu ba da izini. A wurin da aka tambayi wanda ya bar tarkon a buɗe, sunanki kika rubuta.

Na zauna a ƙasan ɗakin nan da littafin a hannuna. Gungumen bakin ruwa shi ne wanda kika zauna a kai ranar da kika kashe mini inji. Ƙasar da na gani a gwiwoyinki ranar jana'iza, wadda na riƙe a zuciya, ta ramin nan ce. Kin naɗe na goma sha bakwai kin ɓoye, kin ɗauki na arba'in ɗinki kin shafe shi da lambata kin sa a buhuna don kada in ga giɓi, kika ci gaba da hawa dutse da goma sha tara kina cewa arba'in. Kuma sau nawa na tsaya a gabanki ina cewa ban taɓa mantawa ba? Na yi lissafi a daren jiya na bari, don ya wuce ɗari.

Ba zan ɓoye miki ba, na yi fushi da ke wuni guda. Da kin gaya mini, ko bayan shekara biyar, ko bayan goma, da na rufe talatin da tara na sauko, da ƙarfe sha ɗaya ta same ni a bakin gadonki. Kin ba ni awa uku da Opal, ke kuma ko minti ɗaya ban ba ki ba, kuma rufin asirin da kika yi mini ne ya hana. Daga baya na tuna yatsan nan da kika ɗaga a cikin mota. Kin yi niyyar faɗa. Ni ne na ce na sani, kamar yadda na saba.

Na riga na yanke cewa zan mayar wa jami'a da tarkunan, in ce aikin ya ƙare da mai shi. Shekarata saba'in da biyar, gwiwoyina sun gama, kuma ban ga alamar dutsen nan zai gyaru don tsofaffi biyu sun ƙirga kuregu ba, balle ɗaya. Amma shekaranjiya Lurleen ta tare ni a bakin akwatin wasiƙu, tana dogara sanda.

Ta ce, "Yaushe ne na Agusta?"

Na ce, "Babu na Agusta."

"Akwai. Ni zan zauna a mota in riƙe littafin. Amma ka sani ba zan taɓa ɓeran nan ba."

"Ba ɓera ba ne."

"Haka ita ma take cewa," in ji ta, ta juya ta shige gida.

Don haka na rubuta wa masu izini, na nemi su mayar da takardar da sunana, na kuma gaya musu wanda ya bar na goma sha bakwai a buɗe a 2006, don a gyara. Idan sun yarda, zan buɗe layin ƙasa kaɗai, ashirin, layin sama ya fi ƙarfina. Idan na gama rufewa zan koma farko in sake bi ina taɓa kowace ƙofa, tun da yanzu babu mai bin bayana.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Maite da mijinta da 'ya'yansu biyu, da ƙanenki da ke Elko, da ɗaliban da kika koyar shekara talatin, waɗanda da yawansu suka hawo dutse ranar jana'izarki har wurin ajiye mota ya kasa. Maite, ki yafe mini kira goma sha ɗayan nan. Allah Ya ba ku haƙurin rashinta, Ya ba mu mu ma da muka saba jin faɗanta kowace safiya.

Ke kuma Verna, Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki kurakuranki, Ya sa kin huta daga hawan dutse. Ya ba ki inuwa mai sanyi da ruwan da ba ya ƙafewa. Kin ɗauki laifina kin rubuta da sunanki, kika zauna kusa da ni shekara goma sha tara ba ki bari na ji nauyinsa ko sau ɗaya ba. Allah Ya rufa miki asiri a can kamar yadda kika rufa mini a nan. Amin.

Hollis Brandvold
Kwarin Kyle, Dutsen Charleston